Naman Faifai

Gidado ya dawo da la'asar sakaliya,
jakar takardu a hammata, takalmi duk jar laka.
Bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba.
Wanda ya samo, tun daga zaure ake jin muryarsa.

Na yafa gyale na nufi Tumfure.
Malam Jiɓo mahauci har ya fara kankare tebur,
na ce, tsoka rabin kilo, ka bar min kitsen,
kitsen nan shi ne ran abin.
Injin niƙa ya yi tari sau biyu kafin ya tashi.
Albasa ta Kwadon ce, manya huɗu,
ɓawonta ja kamar ta kwana da lalle.

A kwanon silba na juye naman,
ƙwai ɗaya, burodin jiya jiƙe da madara,
masoro, tafarnuwa, gishiri iya yatsu uku.
Na cuɗa, na mulmula, na danne da tafi.
Shida suka fito,
ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa.

Baba ne ya koya min.
Shekara sha tara yana kuku a gidan baƙin Ashaka,
baƙin suna cewa hambaga,
shi kuwa naman faifai yake kiransa.
Yakan tsaya a bayana, hannu a goye:
Hansatu, kar ki taɓa shi
sai ya saki kasko don kansa.
Mai gaggawar juyi, marmashi yake ci.

Mai ya yi zafi. Na jera uku.
Cuuu, kicin ya amsa.
Na riƙe cokali kamar mai riƙe harshe,
ina kallon gefensu yana duhu a hankali.

An ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.
Yau dai ta yi, a idona,
kuma na gode mata da ta ara min dalili.
Na zuba ta cikin man da nama ya bari,
na rage wuta.
Ba a yi wa albasa tsawa,
sai ta gaji da kurinta ta yi laushi,
ta koma launin zuma, zaƙinta ya fito.
Fulawa cokali ɗaya, ruwan ƙashi, dunƙule biyu,
romo ya yi kauri, ya yi ja-ja
irin ruwan Daɗin Kowa a tsakiyar Agusta.
Na mai da faifan ciki, na rufe.

Nan aka ɗauke wuta.
Na kunna fitilar waya, na jingina ta da gwangwanin gishiri.
Ruwa ya soma ƙwanƙwasa kwanon rufi,
tukunya tana ba shi amsa ƙasa-ƙasa.

Ban ji takunsa ba,
sai inuwa a bakin ƙofa, doguwa, ta ɗan rusuna.
Adda, naman Baba ne?
Na ce, wanko hannu.

A tabarma muka zauna, farar shinkafa a tsakiya.
Loma ta farko ya yi ta kamar dole.
Ta biyu, ya gyara zama.
A ta biyar ya tsinci wata albasa da ta ƙone a gefe,
ya ce, har wannan kin gado.
Muka yi dariya da baki cike.

Sai da ya suɗe faranti da gutsuren burodi
sannan ya ce, yana kallon yatsunsa,
na duba allon sau uku, Adda.
Babu sunana.

Na ce, na sani.
Na jawo tukunyar kusa da shi, na ɗaga murfi.
Tururi ya taso tsakaninmu.
Akwai saura biyu,
kuma romon bai huce ba.